Kwana Huɗu Ba Kilima a Ɗakin Baba

Ranar wata Talata kilimarmu, na'urar sanyaya ɗaki, ta tsaya, a tsakiyar bazarar shekarar da fari ya kwaso mutanen ƙauye ya zube su cikin Zinder. Na dawo daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, da tsakar rana, littattafan yara a hammata, tun daga zaure na ji gidan ya yi wani irin shiru. Wata biyu ke nan kunnena ya saba da gurnaninta har na daina jin sa. Na zubar da littattafan a tsakar gida na nufi ɗakin da Baba yake kwance, takalmi ma ban cire ba.

Kilimatizar ce irin ta da, akwatin ƙarfe da ake fasa bango a zura, gabanta a cikin ɗaki tana hura sanyi, bayanta a waje. Maigidana ya saye ta a hannun wani Anasara da zai koma ƙasarsu, kuma ranar da aka kawo ta ba irin tsiyar da ban yi masa ba. Na ce mutane suna neman hatsi kai kana sayen iska. Ban janye maganar ba har yau, don ni ba na son a ce an fi ni gaskiya, amma watan da Baba ya kwanta na san abin da aka saya.

Ciwon zuciya ne ya kayar da shi. Ƙafafunsa sun yi suntum, numfashi kuwa sai an jingina shi da matashi uku yake samun sa. Asibiti a lokacin cike yake har baranda, masu ƙyanda da masu sanƙarau da waɗanda yunwa ta kawo. Likitan da ya duba shi ya ja ni gefe ya ce, "Madam, magani zai yi nasa aikin, amma zafin nan zai riga ciwon kashe shi. In kina da ɗaki mai sanyi, kai shi can ki rufe ƙofa." Iyakar abin da na fahimta ke nan game da ciwon, kuma shi na riƙe da hannu biyu: muddin akwatin nan na gurnani, Babana na numfashi.

Shigo da shi gidan ma sai da aka sha fama, don a wurin mutanen Baba uba ba ya kwana gidan surukinsa. Abin da ya taimake ni, an tura maigidana turne, wato rangadin aiki, arewa tare da motocin hatsin taimako, ba ranar dawowa. Sai da na rantse wa Baba cewa ranar da aka ce yana hanya zan mayar da shi gidansa na unguwar Birni, sannan ya yarda aka ɗauko shi. Innata ta daɗe da rasuwa, ni kaɗai ce ɗiyarsa a garin, don haka jinyar tawa ce.

Ba mu biyu ba ne a gidan dai. Baffa na nan, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zauna a ƙauyen Droum kan gonar kakanmu lokacin da Baba ya shigo birni yana saurayi ya kama fataucin fata. Damina biyu Baffa ya shuka bai ɗaure ko dami ɗaya ba. 'Ya'yansa maza sun bazama neman abinci, shi kuma ya iso mana da matarsa da akuya guda da ta rage. Na ba su ɗakin da ke kusa da madafa. Baffa bai iya cin tuwon da bai yi wa aiki ba, kunya take hana shi haɗiya, saboda haka tun da ya zo bai zauna ba. Ya ɗinke tabarmi, ya gyara murhu, ya kafa wa randuna rumfa, ya kafa wa akuya, har mobilet, ƙaramin babur ɗin maigidana da ke jingine a bango, sai da ya yi masa inuwa da kara. Nakan ce masa, "Baffa, saura rana ita kanta ka yi mata rumfa mu huta." Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyata, samo mini zana mai faɗi ki gani."

Ɗakin sanyin kam bai ƙaunace shi ba. In zai gaida Yayansa sai ya naɗe jiki da riga biyu ya tsuguna a bakin ƙofa, su yi hirar mutanen Droum, kafin a jima ya fito yana murza gwiwa yana cewa abin na shiga ƙashi. Amma yana girmama akwatin nan ƙwarai. Ya ga yadda Baba yake ranar da aka kawo shi, ya kuma ga yadda ya koma bayan kwana uku a ɗakin.

Ranar Talatar, da na shiga, na tarar da Baffa tsugune gaban gado da mafici. Baba ya riga ya jiƙe, rigarsa ta manne a ƙirji. Na fara zaton kuran, wato lantarki, aka ɗauke, don ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a garin. Na danna makunni, fitila ta kama. Na murɗa maɓallin kilimar, ta yi gunji kamar za ta tashi, ta yi ƙas ta yi shiru. Na sake har sau biyar ko shida, ina bismilla kowane karo, sai wani ƙauri ya fara fitowa, irin na roba in ta ƙone. 

Duwatsun garin nan sukan sha rana tun hantsi su yi ta amayar da ita har bayan magariba, shekarar nan kuma ba ciyawa ko ɗaya a ƙasa, itatuwa an sassare su an ba dabbobi. Gidanmu na siminti ne da rufin kwano, irin gidajen ma'aikata da muke taƙama da su. Na buɗe taga, wuta ta shigo. Na rufe, ɗakin ya toshe. Na jawo fanka daga falo na kunna, ta yi ta juya zafin nan tana watsa wa Baba a fuska har ya ɗaga hannu ya ce in kashe. Abin da ya rage ruwa ne, ruwa kuwa shi ne abin da garin ba shi da shi. Famfonmu ya fi mako bai ɗiga ba, 'yan ga-ruwa kuma in ba ka tare su a bakin titi da sassafe ba, ba sa isowa lungunmu. Randa biyu gare mu, ɗaya rabi, ɗaya ta kusa ƙasa, kuma da su za a sha, a dafa, a yi alwala.

Baffa ne ya fara motsi. Ya fita da kwando ya kwaso yashi ya baza a ƙasan ɗakin, ya yayyafa masa ruwa da tafin hannu, a hankali, yadda ko ɗigo bai tafi a banza ba. Muka sauko da Baba daga katifa, muka shimfiɗa tabarma kan yashin muka jingina shi da bango. Matar Baffa ta jiƙa tsohon mayafina ta rataya tsakaninsa da fanka. Ya ɗan taimaka, ba zan yi ƙarya ba. Amma kafin ka juya mayafin ya bushe ƙayau, kuma kowace jiƙawa moɗa biyu ce daga randa.

Na bar su na hau mobilet. Shagon mai gyaran da kowa ya sani, kusa da kasuwa, a rufe yake. Maƙwabcinsa ya ce ya tafi Kano sayen kaya aka rufe iyaka da shi a can. Na je wurin mai gyaran rediyo, ya ce shi waya ya sani, abin da ke da gas ba ya taɓawa. Amma ya ce akwai wani mutum a Kara-Kara da ke gyara wa masu sayar da ƙanƙara firigo, wato firij, in shi bai iya ba to ba mai iyawa a Damagaram.

An haife ni a garin nan, na yi aure a cikinsa, ban taɓa taka Kara-Kara ba sai ran nan. Mu 'yan Birni muna da wani girman kai da ban san inda muka samo shi ba, ana ambatar unguwar sai mu taɓe baki. Ran nan na bi lungunanta ina sallama, ina rusuna wa duk wanda zai nuna mini hanya. Na samu gidan dab da magariba, matattun firigo uku a ƙofa. Matarsa ta ce ya tafi aiki garin Mirya, sai gobe. Ban san sanda na riƙe hannunta ba. Na kwatanta mata gidanmu sau uku, ta ce ta gane tun na farko, ta ɗebo mini ruwa na sha. Yadda muka kwana ba sai na faɗa ba. Gari ya waye Baba na da rai, iyakar abin da na roƙa ke nan.

Da safe na je wurin wata abokiyar aikina da ke bayan layinmu, wadda suke da kilima a ɗakin kwanansu. Ta ce a kawo shi yanzu, su za su koma falo. Na dawo da gudu na durƙusa na gaya wa Baba. Ya saurare ni idonsa a rufe, ya amsa yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma.

"Na shigo gidan suruki, kin ci nasara a kaina sau ɗaya. Yanzu kuma a ɗauke ni a kai ni gadon mutumin da ban taɓa gaisawa da shi ba, in yi fitsari a kwano a ɗakin matarsa? Bar ni a nan."

Na yi magiya, na yi kuka, na kawo maganar likita. Na juya ga Baffa na ce ya sa baki. Ya sunkuyar da kai ya ce shi bai taɓa musa wa Yaya magana ba, ba yau zai fara ba. A raina na ce wannan kunya taku ita za ta kai mu maƙabarta, amma na haɗiye.

Mai gyaran ya iso wajen sha ɗaya, gajeren mutum mai furfura a gemu, da jakar kayan aiki a bayan keke. Ya gaida Baba, ya tsuguna gaban kilimar ya shinshina, ya murɗa sau ɗaya ya kasa kunne, ya zare wayarta daga bango. Sannan ya ce, "Madam, ina bayanta yake?"

Bayanta yana wani ɗan tsukin lungu tsakanin ɗakin da katangar gida, inda ba abin da ke kai ni. Muka zagaya, ni a gaba shi a baya, sai na tsaya cak. Ba a ganin ƙarfen ko kaɗan. An naɗe shi da sabuwar zana ta kowane gefe, an ɗaure da igiyar kaba tamau, an ɗora buhu biyu a sama, an bi gefe-gefen da laka an liƙe duk wata kafa da rana za ta iya leƙawa. Aiki ne mai kyau, ko rumbun hatsi ba a yi wa abin da ya fi haka ba.

"Wa ya yi wannan?" in ji mai gyaran.

"Ni ne," Baffa ya amsa daga bayanmu. Ya biyo mu da maficin a hannu, kuma wallahi da fara'a ya faɗa. "Shekaranjiya na shigo nan neman akuya, na ɗora hannu a kanta na ji ta kamar garwashi, rana na dukanta ba mai kula. Har huci take yi. Na ce abin da ke yi wa Yayana wahala haka ba a bar shi a rana ba, ko jaki ne ai ka ja shi inuwa. Na sa zanar ran nan, jiya da safe na kwaɓa laka da ruwan wanke-wanke na ƙarasa."

Mai gyaran ya shafa gemu. Da ladabi ya yi maganar, har yau ina tuna wannan. Ya ce, "Baba, hucin nan da ka ji, zafin ɗakin ne take kwasowa ta fitar ta nan. Ta nan take numfashi. Da ka rufe, zafin ya rasa hanya ya koma cikinta, ya ƙone injin."

Baffa ya dubi zanar, ya dubi mai gyaran, bakinsa ya ɗan buɗe. Da na bar shi da wannan ma ya ishe shi. Amma ni wajen baki Innata na gado, ga shi ban runtsa ba, tsoro ya cika ni har wuya yana neman inda zai fita. Sai ya fita a kan Baffa. Na nuna shi da yatsa, ƙanen ubana, a gaban baƙo, a gaban matarsa da ta leƙo. Na ce wa ya aike ka. Na ce abin da ba ka sani ba ina ruwanka da shi, nan Droum ne da za ka kama ɗaure-ɗaure? Na ce na ba ku ɗaki na ba ku tuwo, abin da za ka saka mini da shi ke nan. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Mai gyaran ya ce, "Madam, ya isa," ban saurara ba. Na ƙarasa da wadda ta fi duka, na ce in Baba ya mutu, ka sani kai ka kashe shi.

Baffa ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Gaskiyarki, ɗiyata." Ya miƙa wa matarsa maficin, ya matsa ya fara kwance igiyar, ƙulli bayan ƙulli, bai yanke ko ɗaya ba. Ya naɗe zanar ya jingina ta da katanga, ya kankare lakar da farce.

Aka zare kilimar aka bar rami a bango. Mai gyaran ya ce irin wannan injin daga Kano ake kawo shi, Kano kuwa ta rufu. Amma ya san wata matacciyar kilima a bayan wani otel, mai yiwuwa injinta na da rai. In an bar masa ita, in ya dace, in gas ɗin da ya rage masa ya isa, to jibi. Ya ce kafin nan mu toshe ramin da buhu muna jiƙa shi, ya ɗora akwatin a amalanke ya tafi.

Sauran yinin Baffa ya koma gaban Yayansa da mafici. Bai ci abinci ba, bai dube ni ba, in hannun dama ya gaji ya mayar hagu. Ni kuma ina shiga ina fita da moɗa, wata zuciya na ce mini in durƙusa in ba shi haƙuri, wata na cewa ai ban yi ƙarya ba. Na bar shi sai gobe.

Da gari ya waye ba Baffa ba matarsa. Na fito na ga ƙofar ɗakinsu a buɗe, an share, an naɗe tabarmata an jingina, turken akuya ba akuya. Randunan nan biyu kuwa cike suke taf har baki. Inda ya samo ruwan a garin da famfo ya ƙafe, da sawu nawa ya yi, ban sani ba har yau.

"Ya yi mini sallama," in ji Baba da na shiga. "Wai an ga hadari wajen Droum, zai je ya gyara gona." Ya buɗe ido ya dube ni. "Hadari, a wannan wata." Na ce Allah ya sa gaskiya ne, na sunkuya ina gyara matashi don kada mu haɗa ido.

Alhamis ɗin nan ba na fatan ko maƙiyina ya ga irinta. Na ɗauki maficin, ban daɗe ba kafaɗata ta mutu. Tsohon da ya yi watanni bai ƙoshi ba ya yi yini biyu yana wannan aikin, ni ko lura ban yi ba. Yanzu ni ce mai fifita, ni ce mai jiƙa buhu, mai yayyafa yashi, mai ɗaga Baba in ya zame. Wajen azahar leɓunansa suka yi duhu. Numfashin ya koma gajere-gajere, da wani ƙara a ƙirji kamar ruwa na tafasa a ƙaramar tukunya. Ya fara magana da mutanen da suka daɗe da mutuwa, yana kiran Baffa da sunan da suke kiran sa suna yara, yana ce masa ya kore awaki daga gero.

Na kira maƙwabciyata ta riƙe maficin, na sake hawa mobilet. Na samo guntuwar ƙanƙara a kasuwa, kafin in iso gida rabinta ya tsiyaye a kan cinyata. Na sa masa sauran a wuya da hammata na sake fita, Kara-Kara wannan karon. Na tarar da mai gyaran tsugune a inuwar katanga, kilimata a warwatse a gabansa, yana liƙa wani siririn bututu da wuta. Ya samo injin. Na ce ya yi wa Allah ya yi sauri, Babana ba zai kai gobe ba. Bai ɗago ba. Ya ce, "Madam, gas ɗin da ke gare ni na cika ɗaya ne. In na yi gaggawa na bar kafa komai ƙanƙantarta ya tsere, shi ke nan ba wani a garin. Koma wurin tsoho, ya fi ni bukatarki." Bakina har ya buɗe zan yi masa irin ta Baffa. Na rufe shi na juya.

A hanyar komawa na bi ta tasha na samu direban da ke zuwa wajen Droum, na ba shi saƙo a gaya wa Baffa ɗiyarsa ta ce ya yi wa Allah ya dawo, Yayansa na kiran sa. Direban ya ce sai motar ta cika, yanzu mutane shigowa suke yi, ba mai fita. Na ce ko yaushe ne.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci amalanken ya tsaya a ƙofar gida. Aka ɗaga akwatin aka zura a ramin. Mai gyaran ya sa waya, ya yi bismilla ya murɗa. Ta yi gunji, ta ɗan girgiza, ta kama. Na sa tafin hannuna a gabanta ina jira, iska mai ɗumi, mai ɗumi, sannan a hankali sanyi ya fara taɓa yatsuna. Na zauna a kan yashin nan na yi ta kuka. Mai gyaran ya tattara kayansa, a bakin ƙofa ya ce mini, "Tsohon nan na ƙauye, ki gaishe shi. In za a yi mata inuwa a yi daga sama, a bar gefe a buɗe. Tunaninsa ba banza ba ne, ya dai matse ta da yawa."

Kafin la'asar gumin Baba ya bushe. Muka mayar da shi gado, ya sha kunu kaɗan, ya yi barci na gaske karo na farko cikin kwana huɗu. Da ya farka hankalinsa ya dawo sarai. Ya dubi bakin ƙofa ya daɗe yana dubawa. Na kasa jurewa, na durƙusa na ce, "Baba, ba hadari ya mayar da Baffa ba. Ni ce."

"Na ji ki," ya ce. "Bangon nan ba shi da kauri." Ya huta ya ja numfashi. "Tun da muka girma ban taɓa ɗaga masa murya ba. Shi ya zauna ya riƙe gonar tsohonmu, ya binne iyayenmu, ni na zo birni na sa riga mai kyau. Ki aika masa."

Na ce na aika. Ya ce to. Bai ƙara tayar da maganar ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Amma duk motsin da aka yi a zaure sai ya juya kai.

Asabar ta wuce ba Baffa. Kilima na ta aikinta, ɗakin sanyi ƙalau, amma kumburin Baba bai sauka ba, sai ma ya hau har ciki. Likita ya ce kwana huɗun nan sun cinye ɗan ƙarfin da ya rage wa zuciyar. Ran Lahadi da hantsi ina ba shi ruwa a cokali ya kawar da kai, ya yi kalmar shahada, ya cika. A irin wannan zafi ba a jiran kowa. Kafin azahar maza sun kai shi sun dawo.

Baffa ya iso da la'asar. Saƙon sai ran Asabar da yamma ya same shi, kuma a ƙafa ya taho. Ina zaune cikin mata a tsakar gida na ga ya shigo, ƙura har gwiwa, diddigensa ya tsage yana jini. Ya riga ya ga tabarmin maza a ƙofa ya gane. Na tashi na je na zube a gabansa. Duk maganar da na shirya tun Alhamis ta gudu. Shi kuma ba ni yake kallo ba. Ya karkata kai wajen ɗakin, inda ba wanda ya tuna ya kashe kilimar.

"Ɗiyata," ya ce, "ta tashi kafin ya cika?"

"Ta tashi, Baffa. Tun Juma'a."

"Ya sha sanyin?"

"Ya sha. Har barci ya yi."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. "To alhamdu lillahi," ya ce. "Tun da na bar gidan nan abin da ya hana ni barci ke nan."

Ya nemi ruwa kaɗan ya yi alwala, ya ce a samu wanda zai nuna masa kabarin kafin rana ta faɗi.